Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Akwai wata sana'a a duniyar nan wadda ba a samun ko anini a cikinta, amma masu yinta sun fi ɗan kasuwa naci. Su ne mutanen da suka ɗora wa kansu kula da tsofaffin kwamfutocin gida, irin waɗanda aka yi yayinsu a Turai da Amurka da Japan tun daga wajen 1977 har zuwa farkon shekarun 1990. Aikin nasu iri biyu ne. Na farko, farautar manhajojin da aka rubuta a wancan zamani, musamman wasanni, aka yi tallarsu, amma ba su taɓa shiga kanti ba. Na biyu kuwa, lallaɓa tsohuwar kwamfuta har ta yi wasan da aka gina domin wata na'ura dabam, watau akwatunan wasa irin na Nintendo da Sega. Ni dai ina cikin masu bin sawun waɗannan mutane, ko da yake daga nesa, kuma labarinsu nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, tare da dalilin da ya sa nake ganin aikin nasu ya wuce wasan yara.

Bari in fara da injunan kansu, don wanda bai san su ba ya gane abin da ake magana a kai. A shekarar 1982 wani Bature ɗan Ingila, Clive Sinclair, ya fitar da ZX Spectrum, 'yar ƙaramar kwamfuta mai maɓallan roba, wadda ba ta fi littafin rubutu girma ba. Babbarta, mai ma'ajiya kilobait 48, fam 175 aka sa mata. A wannan shekara dai kamfanin Commodore na Amurka ya fito da Commodore 64, mai kilobait 64. Talabijin ɗin gida ake jona musu, manhaja kuwa a faifai mai laushi ake sayar da ita ko a kaset, irin kaset ɗin da iyayenmu ke jin waƙa da shi. Mai Spectrum sai ya sa kaset a rikoda, ya zauna yana jin ƙara kamar ta gyare har wajen minti biyar, sa'an nan wasa ya buɗe, in an yi sa'a. Kilobait 64 ɗin nan kuwa, wurin ajiye harafi 65,536 ke nan kacal. Wannan maƙala da kake karantawa ita kaɗai za ta cinye wajen kashi ɗaya cikin shida nasa, hoto guda da ka ɗauka da wayarka kuwa ya ninka shi sau da yawa. To a cikin wannan ɗan tsukukun ɗaki aka cusa dubban wasanni, kowane da zanensa da kiɗansa.

Mu a unguwarmu ba da waɗannan muka tashi ba. Abin da muka sani shi ne gem ɗin nan mai kaset rawaya, wanda ake biyan kuɗi a shago a yi layi a buga Mario, in ka mutu ka miƙa wa na bayanka. Sai da na girma na gane ashe kwaikwayon Famicom ne, akwatin wasan da Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Commodore 64 kuwa a jami'a muka haɗu da ita, a darasin harshen inji, sa'ad da malaminmu ya ce duk mai son ya san kwamfuta har cikinta, to ya nemi ƙarama ya koya. Na sa wata manhaja mai suna VICE a kwamfutata, wadda ke mayar da injin zamani tamkar Commodore, na ɗauki niyyar sa 'yar ƙwallo ta yi ta yawo a fuska tana karo da bango tana dawowa. Dare uku na yi a kai, tsakanin ɗaukewar wuta da kawowarta. A nan na koyi cewa Commodore irin ta Turai tana sabunta hoto sau 50 a sakan, kuma tsakanin hoto da hoto bugu 19,656 kawai ƙwaƙwalwarta ke yi. Duk abin da kake so ya faru, motsi ne, ƙara ce, lissafin maki ne, tilas ya shiga cikin wannan adadi, in ba haka ba hoto ya yi tsalle. Ranar da ƙwallona ta yi tafiya sumul, sai na ji kamar an ba ni sarauta. Tun daga nan nake ganin girman mutanen da suka gina wasa sukutum a irin wannan ƙunci, nake kuma jin ciwo in na ji aikin waninsu ya salwanta.

Ga misali na farko. A birnin Liverpool akwai wani kamfani da ake kira Imagine Software, na samari masu tashen kuɗi da motoci. A 1984 suka cika mujallu da tallar wasanni biyu, Bandersnatch domin Spectrum, da Psyclapse domin Commodore 64, suka ce ba a taɓa ganin irinsu ba. Da yake kilobait 48 ya yi wa burinsu kaɗan, sai suka shirya sayar da Bandersnatch tare da wani ƙarin ƙarfe da za a maƙala wa injin, a kan kusan fam 40, alhali wasanninsu na yau da kullum ba su kai fam 6 ba. Bashi ya yi musu katutu, kamfanin ya karye a watan Yuli na wannan shekara. Abin mamaki, ma'aikatan BBC suna nan suna ɗaukar shirin talabijin a kan nasarar kamfanin, sai ga shi sun ɓuge da ɗaukar faɗuwarsa, har da ranar da aka garƙame ƙofa. Wasannin biyu ba wanda ya shiga kanti. Wasu daga cikin ma'aikatan suka kwashi ragowar dabarun Bandersnatch suka gina Brataccas, wanda Psygnosis ya fitar a kan injuna masu ƙarfi irin su Atari ST da Amiga. Sunan dai bai mutu ba, don a 2018 Netflix ya fitar da wani fim mai wannan suna, aka kuma ajiye labarinsa a 1984.

Misali na biyu ya fi ba ni tausayi, domin shi an gama shi. A 1992 kamfanin Hi-Tec Software ya shirya fitar da wasan Daffy Duck a Commodore 64. Mujallar Zzap!64, wadda yaran Ingila ke jira kowane wata, ta gwada shi ta ba shi maki 94 cikin 100. Yara suka tara kuɗinsu suna jira, sai kamfanin ya durƙushe kafin a buga kaset. Ka duba fa, mutane sun yi watanni suna zane da rubutu, alƙalai sun yaba, amma mai saye ko ɗaya bai taɓa shi ba. Wani mutum mai suna Frank Gasking, wanda tun 1999 ya kafa rumbun Games That Weren't domin bin diddigin irin waɗannan wasanni, shi da abokansa suka yi ta cigiya shekara da shekaru, suna neman waɗanda suka yi aikin, suna roƙonsu su duba akwatunan da suka jibge a saman ɗaki. Sai a 2015 aka dace da asalin rubutun wasan a tsofaffin faya-fayai, aka harhaɗa shi, aka sake shi kyauta, shekara 23 bayan ranar da ya kamata ya fito. Yaron da ya karanta tallarsa yana ɗan shekara goma sha biyu, sai da ya zama magidanci ya buga shi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na uku shi ne ya haɗa bakin zaren biyu. A 1990 kowa ya yarda cewa kwamfutar IBM da 'yan'uwanta ba za su iya jan hoto gefe sumul kamar yadda akwatin Nintendo ke yi ba. Wani saurayi, John Carmack, da ke aiki a kamfanin Softdisk a garin Shreveport na Amurka, ya gano dabara: maimakon a sake zana fuska duka a kowane motsi, a zana wurin da ya canja kawai. Shi da Tom Hall suka kwana suna kwaikwayon matakin farko na Super Mario Bros. 3, da safe John Romero ya gani ya rasa bakin magana. Suka gyara shi sosai suka aika wa Nintendo. Kamfanin ya yaba, amma ya ce Mario ba zai bar akwatinsa ba. Samarin suka juya dabarar suka yi Commander Keen a watan Disamba na 1990, suka kafa id Software, wanda daga baya ya yi Doom a 1993. Wancan Mario na kwamfuta kuwa ya shige duhu. A 2015 Romero ya nuna bidiyonsa, a 2021 kuma gidan tarihin wasanni na Strong da ke Rochester ya sanar cewa ya sami faifansa a cikin wasu kaya da aka ba shi kyauta.

In ka dubi ukun nan za ka ga abu guda. Ɗaya dogon buri da bashi suka kashe shi, ɗaya karyewar mai gida, ɗaya kuwa mai haƙƙi ne ya ce a'a. Watau sau da yawa abin da muke ɗauka iyakar inji ne, ashe iyakar aljihu ce, ko ta lokaci, ko ta izni. Wannan zance shi masu aiki na biyu suka tashi tabbatarwa da hannunsu.

Yadda za a sa wata na'ura ta yi wasan wata, hanya uku ce, kuma duk wanda ya san harkar harshe zai gane su nan da nan. Kowace ƙwaƙwalwar inji tana da harshenta. Hanya ta farko ita ce ta tafinta: a rubuta manhaja, wadda za mu iya kira makwaikwayi, ta tsaya tsakani, ta ɗauki umarnin baƙuwar na'ura ɗaya bayan ɗaya tana juya shi nan take. Kowa ya san zance ta bakin tafinta ya fi cin lokaci. Umarni guda na baƙo yakan ci umarni da dama na mai gida, ga kuma kwaikwayon sashen zane da na sauti. Saboda haka tilas mai masauki ya fi baƙonsa ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarun 1990, bayan Commodore ya karye a 1994, masu riƙe da Amiga suka ƙi sakinta. Wani ɗan ƙasar Finland, Ville Helin, ya rubuta Wzonka-Lad mai kwaikwayon Game Boy, wasu kuma suka yi A/NES mai kwaikwayon akwatin Nintendo. Da harshen inji tsantsa suka rubuta su don tsimin kowane bugu, amma duk da haka Amiga 500 ta 1987, mai bugu miliyan 7 a sakan, ba ta isa ba, sai wadda aka ƙara wa ƙwaƙwalwa mai sauri irin su 68030 ko 68060. A nan kam ƙarfe yana da iyakarsa ta gaskiya, kuma masu aikin ba su ɓoye ba.

Hanya ta biyu ta fi daɗi, ita ce in aka tarar baƙo da mai gida harshensu ɗaya, karin harshe ne kawai ya raba su, kamar Bakano da Basakkwace. Kwamfutocin MSX, waɗanda aka fara a Japan a 1983, har kamfanin Al Alamiah na Kuwait ya yi ta sayar da masu Larabci da sunan Sakhr, suna da ƙwaƙwalwa Z80 da sashen zane na gidan TMS9918. To haka ma ColecoVision ta 1982, haka ma SG-1000 ta Sega ta 1983. Abin da ya bambanta shi ne sashen sauti, da ƙofofin da ake bi a yi magana da kowane sashe. Don haka wasan ɗaya yana gudana a ɗaya da cikakken saurinsa, in dai an gyara waɗannan 'yan wurare. A kan wannan Marcel de Kogel ya gina manhajarsa mai suna Mission, wadda ke sa MSX ta buga wasannin ColecoVision. Haka kuma Simon Owen ya sa asalin manhajar Pac-Man ta 1980, ta injin nan da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa, ta gudana a kan SAM Coupé, daga baya kuma a kan Spectrum, don su ma duk Z80 suke ji.

Hanya ta uku ita ce ta mai fassarar littafi, wanda ke zama a gida ya juya aiki duka tun daga farko har ƙarshe, ya daidaita shi da bakin sababbin masu karatu. Ita ta fi wuya, ita kuma ta fi ba da mamaki. Wani da aka sani da laƙabin ZeroPaige ya yi shekara bakwai yana juya Super Mario Bros. zuwa Commodore 64. Ƙwaƙwalen biyu dangi ne, duk 'yan gidan 6502, amma ta Nintendo tana bugu kusan miliyan 1.8 a sakan, ta Commodore kuwa wajen miliyan 1. Akwatin Nintendo yana iya riƙe 'yan hotuna masu motsi 64, Commodore 8 kawai, sai an yi mata wayo ana sake amfani da su a hoto guda. A watan Afrilu na 2019 ya saki aikinsa, ga Mario nan yana tsalle a injin 1982, sai dai yakan ɗan yi nauyi in abubuwa suka cika fuska. A Disamba ta 2021 kuma wani mai laƙabin Mr. SID ya fitar da Sonic the Hedgehog, wanda ya juyo daga Master System ta Sega. Shi wannan yana bukatar ƙarin ma'ajiya kilobait 256, irin wadda Commodore da kansa ya sayar a shekarun 1980. Tun 1991 aka taɓa sanar da cewa kamfanin U.S. Gold zai kawo Sonic kan kwamfutocin gida, abin ya shiririce. Alkawarin da kamfani ya kasa cikawa, bayan shekara 30 wani ya cika shi a ɗakinsa ba tare da an biya shi ba. Ranar da na sa shi a VICE na ga bushiyar nan tana gudu, na tuna 'yar ƙwallona da darena uku, sai na yi shiru kawai.

To amma fa akwai magana. Mario na ZeroPaige bai yi kwanaki ba takardun Nintendo suka isa wuraren da aka ajiye shi, aka sauke shi. Na ji haushi, amma in za a faɗi gaskiya, Mario nasu ne, har yau suna sayar da shi, kuma wanda ya shuka gona yana da ikon hana a shiga. Mu da muka san yadda satar fasaha ta karya marubuta da mawaƙa, bai kamata mu yi wa haƙƙin mallaka riƙon sakainar kashi ba. Shi makwaikwayi kansa kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan masu yinsa a 2000, a shari'ar Sony da Connectix, kamfanin da ya sa Macintosh ta buga wasannin PlayStation, ko da yake daga baya Sony ya saye manhajar ya rufe ta. Rigimar tana kan kwafar wasan ne. Inda nake rabuwa da masu tsananin riƙo shi ne kan abin da mai shi ba ya sayarwa, ba ya ajiyewa, wani lokaci ma ba a san wane ne mai shi ba. A 2023 Video Game History Foundation ta yi bincike ta gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa, na Commodore 64 kuwa kashi 4.5 kawai ake iya saye. Waɗanda suka fito ke nan, ina ga waɗanda ba su fito ba? Ga shi kaset da faifai ba sa jiran shari'a. Maganaɗisunsu yana dusashewa, danshi da fumfuna suna cin su, mai su ya rasu magada su zuba a shara. Akwai kamfanonin da suka gane haka. Amstrad, wanda ya sayi harkar kwamfutar Sinclair a 1986 kan fam miliyan 5, ya yarda a riƙa rarraba manhajar cikin Spectrum tare da makwaikwaya, muddin ba sayar da ita za a yi ba, ba a kuma goge sunan mai haƙƙi ba. Bai yi asarar kome ba, ga Spectrum har yau ana rubuta mata sababbin wasanni.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibi a nan da agwagwar Turawa ta 1992? Ga abin da ya haɗa mu. Kowace shekara mu ma muna rubuta manhajojin da ba sa fitowa. Ɗalibi ya yi wata shida yana gina manhajar lissafin kanti, ko ta koyar da yara karatu, ko ta rajistar marasa lafiya, ya kare ta gaban malamai, a ba shi maki, a ɗaure kundin a liƙa faifai a bangon baya a jera a kanta. Bayan shekara biyar faifan ya ƙi buɗewa, kwamfutar da aka yi aikin a kanta an sayar, shi kansa mai aikin bai san inda asalin rubutun yake ba. Na baya ya zo ya soma daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba. Daffy Duck ya tsira ne don wani ya ƙi zubar da akwatin faya-fayansa, wani kuma ya ƙi daina tambaya. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa, duk abin da ka rubuta, ko ya yi kyau ko bai yi ba, ko ka gama ko ba ka gama ba, ajiye asalinsa a wuri uku, ka rubuta 'yar takarda mai bayanin irin injin da yake bukata da yadda ake tayar da shi, ka sa kwanan wata da sunanka, ka kuma faɗi ko ka yarda wani ya ɗora a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuma ke son ya ɗanɗana da kansa, VICE kyauta ce, haka ma Fuse mai kwaikwayon Spectrum, kuma kwamfutar da ta fi kowace rauni a ɗakin kwananmu za ta ɗauke su. Ya nemi wasannin da masu su suka saki da yardarsu, ya buga, sa'an nan ya gwada sa tasa ƙwallon ta motsa cikin bugu 19,656. In ya yi haka, na tabbata zai daina raina tsohon ƙarfe, zai kuma daina raina aikin hannunsa. Allah ya sa mu dace.